Lambar 2,147,483,647: yaya aka tabbatar ba ta rabuwa, kuma wane rukuni take ciki?

Ɗalibar Kwamfuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Ni ɗaliba ce mai koyon rubuta manhaja, kuma a makon jiya na ci karo da wata lamba da ta hana ni sakat. An ba mu aikin rubuta ɗan gajeren shiri a yaren Java wanda zai riƙa ƙara ɗaya a kan adadi ba tsayawa, sai na sa shi ya fara daga biliyan biyu don in ga inda zai kai. Da ƙidayar ta iso 2,147,483,647 aka ƙara ɗaya, maimakon 2,147,483,648 ta fito yadda na zata, sai ta fito da alamar ɗebewa a gabanta, wato ƙidayar ta faɗa can ƙasa da sifili. Malaminmu ya ce nan ne iyakar abin da ma'ajiyar take iya ɗauka. Ya kuma ƙara da cewa lambar tana cikin waɗanda littattafan makaranta suke kira firayim, waɗanda babu abin da yake raba su ba saura sai 1 da su kansu, kuma wai an san haka tun kafin a ƙera kwamfuta da shekaru masu yawa.

Wannan magana ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai. Na zauna da takarda na gwada raba ta da 3, da 7, da 11, da 13, kowane karo saura yana fitowa, amma na san gwaji huɗu ba hujja ba ne a kan lamba mai alƙaluma goma. Shi ya sa nake neman a fahimtar da ni abubuwa uku. Ta wace hanya mutumin da ba shi da komai sai alƙalami da takarda ya iya tabbatar da cewa ba ta rabuwa? Ban da wannan siffa, waɗanne rukunoni na lissafi take shiga? Sannan shin masu ƙera kwamfuta sun zaɓe ta ta zama iyaka ne saboda ba ta rabuwa? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Tsohon Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya yi wa karatunki albarka. Lokacin da nake koyarwa nakan kira irin waɗannan lambobi gagara-rabo, domin sunan yana faɗa wa yaro abin da ake nufi tun kafin a yi masa bayani, kuma da shi zan yi amfani a nan. Tambayarki ta farko zan ɗauka, sauran in bar wa waɗanda suka fi ni sanin su.

Ki daina kallon lambar a matsayin jerin alƙaluma goma, ki dubi yadda aka gina ta. Idan kika jera 2 har guda 31 kika ninka su da juna za ki sami 2,147,483,648, abin da ake rubutawa 2^31, kuma da kin ɗebe ɗaya kin iso lambarki. Kusan duk abin da za a faɗa a kanta daga wannan gini yake fitowa. Lambobi masu wannan siffa ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista ɗan Faransa, wanda a 1644 ya fitar da jerin adadai goma sha ɗaya, wato 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257, ya ce su ne suke haifar da gagara-rabo ta wannan hanya. Ya yi kuskure a kan 67 da 257, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. A kan 31 ya dace, amma bai kawo hujja ba, kuma a lissafi dacewa ba ta zama ilimi sai an kafa mata hujja. A zamaninsa mafi girman abin da aka tabbatar shi ne 524,287, wato 2^19 − 1, wadda Pietro Cataldi na Italiya ya gama gwadawa a 1588.

Wanda ya kawo hujjar shi ne Leonhard Euler, a wata wasiƙa da ya aika wa Daniel Bernoulli a 1772, yana zaune a Rasha, yana da shekara 65, kuma a lokacin ganinsa ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya. Hanyarsa rabawa ce irin wadda kika fara, sai dai kafin ya fara ya rage yawan abin da zai gwada har sau uku.

Ragi na farko kowa zai iya ganinsa. Idan lamba ta fito daga ninka lambobi biyu, ba zai yiwu dukansu su zarce lambar da in an ninka ta da kanta ake samun adadin ba, dole ɗayarsu ta tsaya a ƙasa. To, 46,340 sau 46,340 yana ba da 2,147,395,600, wanda bai kai lambarmu ba, 46,341 sau 46,341 kuwa yana ba da 2,147,488,281, wanda ya wuce ta. Ke nan idan babu mai raba ta daga 2 zuwa 46,340, babu shi ke nan har abada. Kuma ba a buƙatar gwada komai a wannan tsakani sai gagara-rabo, amma su ma sun haura 4,700, aikin da zai cinye wa mutum watanni.

Ragi na biyu gado ne daga Pierre de Fermat, wanda a 1640 ya gano cewa idan p, wato adadin da aka ɗora a kan 2, gagara-rabo ce da ta wuce 2, duk gagara-rabon da za ta raba 2^p − 1 dole ta zama wani ninki na 2p da ƙarin ɗaya. Ki duba da ƙaramin misali: 2^11 − 1 ita ce 2,047, wadda ta fito daga 23 sau 89, kuma 23 ita ce 22 da ɗaya, 89 kuwa 88 da ɗaya, wato 22 sau huɗu da ɗaya. A namu lissafin 2p ita ce 62, saboda haka abin gwadawa ya koma 63, 125, 187, 249, haka nan ana ƙara 62. Wannan ne dalilin da ya sa 3 da 7 da 11 da 13 da kika gwada ba su da hanyar raba ta tun asali.

Ragi na uku shi ne wanda Euler ya ƙara: mai rabawar dole ya bar saura 1 ko 7 idan aka raba shi da 8. Ki gwada huɗun nan da na ambata, za ki ga 63 ta bar 7, 125 ta bar 5, 187 ta bar 3, 249 ta bar 1, don haka na tsakiya biyun sun fita, kuma haka tsarin yake maimaituwa duk bayan 248. Abin da ya rage shi ne ninkin 248 da ƙarin 1, ko ninkin 248 da ƙarin 63. Idan kika ƙirga su har zuwa 46,340, kika ajiye 63 ɗin farko gefe tunda 7 sau 9 ce, za ki sami 372 kacal, kuma a cikinsu ma da yawa suna rabuwa, kamar 249 da take 3 sau 83, don haka ba sa buƙatar gwaji. Ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311, wadda take shiga lambarmu sau 6,905,092 ta bar saura 35. Haka aka bi su har ƙarshe ba a sami wadda ta raba ba saura ba. Daga nan lambar ta shafe gomman shekaru, har cikin ƙarni na 19, tana matsayin gagara-rabo mafi girma da aka tabbatar.

Injiniyan Manhaja:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ƙanwata, amsar tambayarki ta uku ita ce a'a, ba a zaɓe ta don ba ta rabuwa ba, haɗuwa ce kawai aka yi. Kwamfuta tana ajiye adadi ne a gurabe da ake kira bit, kowane gurbi ba ya ɗaukar komai sai 0 ko 1. Ma'ajiyar da kika yi amfani da ita gurbi 32 gare ta, na farkonsu shi yake nuna ko adadin yana sama da sifili ko ƙasa da shi, sauran 31 kuma su suke ɗaukar girmansa. Idan duka 31 ɗin suka cika da 1, kin kai 2^31 − 1. Da kika ƙara ɗaya sai dukansu suka koma 0, ɗayan da aka riƙe ya tsallaka zuwa gurbin alama, shi ya sa kika ga ƙidayar ta juye zuwa mafi ƙanƙantar adadin da ma'ajiyar ta sani.

Hujjar cewa haɗuwa ce tana cikin sauran ma'ajiyoyin. Mai gurbi 16 iyakarta 32,767, wadda ta fito daga 7 sau 31 sau 151. Mai gurbi 64 iyakarta 9,223,372,036,854,775,807, kuma 7 tana raba ta ba saura. Dalili kuwa shi ne waɗannan iyakoki 2^15 − 1 ne da 2^63 − 1, 15 da 63 kuwa suna rabuwa, kuma duk lokacin da adadin da aka ɗora a kan 2 ya rabu, abin da ya haifar ma sai ya rabu. An zaɓi 32 ne saboda ninkin 8 ce, sai aka yi dace 31 gagara-rabo ce.

Wannan iyaka tana da tasiri na zahiri. Tsarin sarrafa kwamfuta na Unix da 'ya'yansa suna ƙirga lokaci da sakan tun daga farkon 1 ga Janairu 1970, kuma na'urar da har yanzu take ajiye wannan ƙidaya a gurbi 32 za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 3:14:07 na asuba agogon GMT, wato 4:14:07 agogon Najeriya da Nijar, sannan ta juye ta koma Disamban 1901. Maganin shi ne komawa gurbi 64, kuma an daɗe da fara wannan aiki.

Akwai dai wuri guda da rashin rabuwarta ya yi amfani da gangan, wato wajen samar da lambobi masu kama da na ƙuri'a. Ana ɗaukar adadi a ninka shi da 16,807, a raba da 2,147,483,647, a riƙe saura, a sake maimaitawa da sauran. Idan aka fara da 1 za a sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Saboda mai rabawar gagara-rabo ce, sauran ba zai taɓa faɗawa sifili ba, kuma da wannan zaɓi na 16,807 sai an ratsa dukan adadai 2,147,483,646 kafin wani ya sake dawowa. Masanan kwamfuta Park da Miller ne suka ba da shawarar a ɗauke ta a matsayin ma'auni a 1988.

Malamar Sakandare:

Sannunku da ƙoƙari, Malam da Injiniya. Ƙanwata, game da rukunoni, shawarata ita ce kada ki ɗauke su duka da nauyi ɗaya. Wasu siffofin sun rataya ne a kan yadda muke rubuta lamba da tushen goma, kamar cewa alƙalumanta goma ne ko jimillarsu 46 ce, kuma da an sauya tushen ƙidaya sai su ɓace. Amfanin wannan 46 ɗin bai wuce ya nuna miki cewa 3 da 9 za su bar saura 1 ba. Siffofin da nake ganin sun cancanci lokacinki su ne waɗanda suke jikin lambar ko da wane irin rubutu aka rubuta ta.

Mara ce, ba cika ba, ko wutiri kamar yadda muka saba ji a wajen salla. Tana kuma cikin tauyayyun lambobi. Tun zamanin Girkawa ake tara masu raba lamba, ban da ita kanta, a kwatanta jimillar da lambar: idan jimillar ta gaza a ce tauyayyiya ce, idan ta zarce a ce mai rara ce, idan ta zo daidai a ce kammalalliya ce. Tunda lambarmu ba ta da mai raba ta a ƙasanta sai 1, ta kai ƙarshen tauyewa. Maƙwabciyarta ta ƙasa kuwa, 2,147,483,646, akasinta ce, domin ta fito daga 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, tana da masu raba ta 192, kuma mai rara ce kamar kowane ninki na 6 da ya wuce 6. Ba ta kuma cikin tagwayen gagara-rabo, irin 11 da 13 ko 29 da 31 da tazarar biyu ta raba, saboda 2,147,483,645 ta ƙare da 5, ita kuma 2,147,483,649 ta fito daga 3 sau 715,827,883.

Siffar da na fi so in nuna wa ɗalibaina ita ce ta murabba'i, wato lambar da aka ninka da kanta, kamar 1, 4, 9, 16. Duk murabba'in da kika raba da 4 saura 0 ko 1 yake bari, saboda haka jimillar murabba'i biyu ba za ta bar 3 ba, lambarmu kuwa 3 take bari. Haka nan duk murabba'in da kika raba da 8 saura 0 ko 1 ko 4 yake bari, kuma duk yadda kika haɗa uku daga cikin waɗannan ba za ki sami saura 7 ba, alhali lambarmu 7 take bari, tunda ɗaya ne ya rage mata ta cika ninkin 8. Ke nan ba murabba'i ba ce, ba jimillar biyu ba ce, ba jimillar uku ba ce. Amma Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa babu lambar da za ta gagari huɗu, kuma ga nata: murabba'in 46,339, da na 425, da na 10, da na 1, wato 2,147,302,921 da 180,625 da 100 da 1. Ki tara su ki gani da idonki. Ki lura cewa ba mu yi wani dogon lissafi kafin mu san tana buƙatar huɗu ba, ginin da Malam ya nuna ne ya faɗa mana, kuma haka 7 da 31 da 127 suke.

Abin mamakin shi ne wannan lamba da ta fi kowa tauyewa ita take haifar da kammalalliya. Yuklid, masanin lissafi na Girkawa, ya nuna tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa idan 2^p − 1 gagara-rabo ce, to ninka ta da 2^(p − 1) yana ba da kammalalliyar lamba. Misali, 7 sau 4 ya ba da 28, kuma 1 da 2 da 4 da 7 da 14 in an tara su 28 ne. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk kammalalliyar lamba cika ta wannan hanya take zuwa, kuma Euler ne ya kammala hujjar daga baya. Idan kika ninka 2,147,483,647 da 1,073,741,824 za ki sami 2,305,843,008,139,952,128, kammalalliya ta takwas a jeri, bayan 6, 28, 496, 8,128, 33,550,336, 8,589,869,056 da 137,438,691,328. Hakan ya yi daidai da matsayin lambarki, domin ita ce ta takwas a cikin gagara-rabon Mersenne.

Ɗalibar Kwamfuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na rubuta shirin da ya gwada lambobi 372 ɗin da Malam ya bayyana, kuma babu wadda ta raba ta ba saura. A kan 311 ma saura 35 na samu kamar yadda ya ce. Amma ina cikin aikin sai na lura cewa ita kanta 31 ai 2^5 − 1 ce. Shin wannan ma wani rukuni ne? Kuma idan haka ne, zan iya cewa duk lokacin da aka ɗora gagara-rabon Mersenne a kan 2 aka ɗebe ɗaya, wata gagara-rabon za a samu?

Tsohon Malamin Lissafi:

Madalla, 'yata, kin lura da kyau. Rukuni ne, ana kiran su Mersenne mai hawa biyu, kuma huɗu kawai aka tabbatar ba sa rabuwa: 7 da ta fito daga 3, sai 127 da ta fito daga 7, sai lambarki da ta fito daga 31, sai 2^127 − 1 mai alƙaluma 39, wadda Édouard Lucas ya tabbatar da hannu a 1876. Amma hukuncin da kike son yankewa bai tsaya ba, ko da yake huɗun farko a jere sun goyi bayansa kuma manyan masana ma sun taɓa zaton haka. Ta biyar, wato 2^8191 − 1, an gwada ta da kwamfutar ILLIAC a Amurka a 1953 aka tarar tana rabuwa. Waɗanda suka fito daga 131,071 da 524,287 ma suna rabuwa. Hatta lambarki, idan aka ɗora ta a kan 2 aka ɗebe ɗaya, adadin da zai fito, mai alƙaluma sama da miliyan 646, an riga an samo masu raba shi.

Tunda kin gama da hanyar Euler, ki gwada wadda ta gaje ta, wadda Lucas ya faro, Derrick Lehmer ya gyara a 1930. Ki fara da 4, ki ninka ta da kanta ki ɗebe 2, ki raba da lambar da ake gwadawa ki riƙe saura, ki maimaita har sau p − 2. Idan kin ƙare da sifili lambar gagara-rabo ce, idan ba haka ba tana rabuwa. Ga yadda yake da 31, inda p take 5: daga 4 a sami 14, daga 14 a sami 194 wadda take barin saura 8, daga 8 a sami 62 wadda 31 take raba ta ba saura. Da wannan gwaji aka tabbatar da 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, wadda aka gano a Oktoban 2024, ta 52 a cikin gagara-rabon Mersenne da aka sani.

Lambarki mataki 29 kawai take buƙata a maimakon rabawa 372. Huɗun farko za su ba ki 14, 194, 37,634 da 1,416,317,954, dukansu ƙasa da ita, kuma daga mataki na biyar ne za ki fara riƙe saura. Ki kula da abin da Injiniya ya bayyana, domin ninka adadi mai alƙaluma goma da kansa zai zarce abin da gurbi 32 yake ɗauka, ƙidayar ta sake juye miki kamar ranar farko. Ki yi amfani da ma'ajiya mai gurbi 64, sannan ki kawo mana abin da kika samu a mataki na 29.